Zane, kiɗa da aikin hannu a sakandare: tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka fi yi

Duk shekara idan an gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, aka zo raba yara zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a kan darussan zane, kiɗa da aikin hannu. Uba yana jin ɓata lokaci ne, yaro yana so amma yana tsoron dariyar abokai, makarantar kuma sau da yawa ba ta da wanda zai zauna ya yi musu bayani. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu bisa tsarin makarantun Najeriya.

Waɗanne darussa ake nufi, kuma a wane aji ake yin su?

A ƙaramar sakandare ba zaɓi ba ne, kowa yana yi. Akwai darasin al'adu da ƙirƙira da ake kira CCA, wanda ya haɗa zane, kiɗa, wasan kwaikwayo da sana'o'in gargajiya a wuri guda. Akwai kuma fasahar farko, wadda iyaye da yawa suka sani da Intirotek a zamaninsu, inda yaro ke fara sanin katako, ƙarfe, lantarki da zanen fasaha. A manhajar da ake bi kafin sauyin 2025, duka biyun suna cikin jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku.

A babbar sakandare ne suke rarrabuwa, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Zane-zane da kiɗa sukan faɗa ɓangaren 'yan adabi. A manhajar 2011, zanen fasaha da ake kira TD, aikin katako, aikin ƙarfe, lantarki, gini da gyaran mota suna ɓangaren fasaha. Ban da waɗannan akwai darasin sana'a guda ɗaya da ake son kowane ɗalibi ya ɗauka, wanda aka yi bayaninsa a ƙasa. Kafin sauyin manhaja na 2025, WAEC da NECO suna shirya jarrabawa a kan duk waɗannan darussa, kuma kiredit ɗinsu kiredit ne kamar na kowane darasi.

Ba darussan yaran da karatu ya gagara ba ne?

Haka ake ɗauka, kuma makarantu da kansu ne suka dasa wannan tunanin. Idan za a raba aji, sai a kwashe masu maki sama a kai kimiyya, na tsakiya kasuwanci, ragowar a ce su je adabi ko fasaha. Yaron da aka tura wuri a matsayin hukunci ba zai shiga da karsashi ba.

Amma a duba abin da darussan ke buƙata. Wanda zai yi TD sai ya iya hango abu a kansa ta fuska uku, ya rage ma'auni daidai, ya raba kusurwa da kamfas. Wanda zai yi lantarki lissafi da fiziks yake yi, sai dai da waya a hannunsa. Mai karatun kiɗa yana ƙirga lokaci ne da rabi da kwata. A ra'ayina yaro mai kaifin lissafi ya fi kowa cancantar a saka shi TD, kuma asara ce a hana shi don kawai ya ci jarrabawa da kyau.

Sabon abu ne aka shigo da shi makarantu?

A'a. Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a Arewa, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fara a Nassarawa ta Kano a 1909, tana da sashen koyon sana'a, kuma masu sana'a na gari ne aka ɗauko suna koyarwa. A Kaduna an buɗe cibiyar koyon fasaha a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Zariya a 1955, kuma a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka nace cewa zanen ɗan Najeriya ya tashi daga gida. Zariya na cikin manyan tushen zanen zamani a ƙasar nan, abin da 'yan Arewa da yawa ba su ma sani ba.

Babban yunƙurin shi ne tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Manufarsa ita ce yaron da ya gama aji uku ya fita da wata sana'a a hannu ko da bai ci gaba ba. Yadda abin ya kasance yana cikin amsar da ke biye.

To me ya sa a makarantarmu a allo kawai ake yin su, ko ma ba a yi gaba ɗaya?

Matsalar ta daɗe. A shekarun 1980 gwamnati ta sayo injina da kayan aikin Intirotek masu yawa daga ƙasashen gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. Da yawa sun isa inda babu ɗakin da za a kafa su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san kansu. Wasu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, wasu sun yi ƙafa. Tun daga nan darasin ya koma na haddace suna.

Abin da ke faruwa a aji shi ne malam ya zana zarto a allo, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa. Za su iya lissafa maka ire-iren haɗin katako guda biyar, amma ba wanda ya taɓa yanka katako ya ga yadda zarton ke kaucewa daga layi idan an danna shi da ƙarfi, ko yadda haɗin ke yin sako-sako saboda an yanka a kan layin fensir maimakon a gefensa. Wannan sanin ba ya shiga ta kunne. Ga kuma ƙarancin malamai: CCA darussa huɗu ne a cikin ɗaya, wanda ya karanta zane bai san kiɗa ba, kuma a makarantu da yawa malamin da jadawalinsa ya fi sauƙi ake miƙa wa, ko da Hausa ko tarihi ya karanta. Makarantun kuɗi kuwa lissafi suke yi: ɗalibi shida ba za su biya albashin malami da kuɗin katako ba, sai a soke darasin.

Me ake koya a darasin zane? Sai mai baiwa ne zai iya?

Baiwa tana taimakawa, amma abin da ake koyarwa kallo ne da haƙuri. Za a ajiye tulu da ƙwarya da gyale a kan tebur a ce a zana. Sabon ɗalibi zai zana tulun da ke kansa, mai baki zagayayye tsaf. Sai malam ya sa shi ya miƙe hannu da fensir ya rufe ido ɗaya ya auna, nan zai ga daga inda yake zaune bakin tulun a shafe yake, kuma inuwar ba baƙa ce duka ba, tana da haske a gefe. Daga nan ake zuwa haɗa launi, tsara rubutu da talla, buga zane a yadi, rini, ginin tukwane, sassaƙa, da tarihin fasaha: kawunan Nok, tagullar Igbo-Ukwu da Benin, da na Ife.

Malami mai basira ba ya rasa kayan misali a ƙasar Hausa. Dagi da sauran zanen bangon gidajen Kano da Zariya, bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, aska takwas da mai zanen riga ke fitarwa a kan shadda kafin maɗinki ya sa allura, zanen hula, zanen ƙwarya, rinin Ƙofar Mata, aikin dukawa. Duk ƙa'idojin da littafi ke kira daidaito da maimaici suna jikin babbar rigar da kakan yaron ke sawa ranar Juma'a.

Zane bai saɓa wa addini ba?

Wannan ce tambayar da ta fi hana iyaye Musulmi barci, kuma tana da tushe. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura ingantattu ne. Sai dai abin da suka shafa shi ne surar abu mai rai. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa idan ba makawa to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malamai sun fi tsanantawa a kan sassaƙa mai jiki, sun kuma yi saɓani a kan zanen takarda da wanda ake yi don koyarwa. Kowa ya koma ga malamin da ya yarda da shi a kan wannan.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne mafi yawan darasin bai taɓa wannan wuri ba. Tsara rubutu, zanen yadi, tukwane, launi, zanen gini da ganye duk suna waje da saɓanin. A jarrabawar aiki ma akan ba da zaɓi tsakanin zanen kayan da aka jera, zanen tsirrai da makamantansu, da zanen mutum, don haka ɗalibi zai iya shirya kansa a kan wanda ya natsu da shi. Kuma kada a manta gwanayen da ke rubuta Alƙur'ani da hannu suna yi masa zayyana da tawada kala-kala, ko masu allon zayyana na sauka. Su ma masu zane ne, ba a dai kiransu haka.

Darasin kiɗa fa, ganga ake bugawa a aji?

Kaɗan ne daga ciki. Mafi yawansa karatu ne: yadda ake rubuta sauti a kan layuka biyar, do-re-mi, ƙirga lokaci, sauraron sauti a gane tazararsa, tarihin kiɗan Turai da na Afirka, da rarraba kayan kiɗa gida-gida. A nan ɗan Hausa yana da jari. Masu fata: kalangu, kotso, taushi, jauje, tambari. Masu tsirkiya: goge, kukuma, garaya, gurmi, kuntigi, molo. Na busa: algaita, kakaki, sarewa. Waɗanda jikinsu ne ke ba da sauti: shantu, ƙwarya, kuge. Jarrabawar WAEC ta kiɗa tana da ɓangaren rubutu, ɓangaren saurare, da ɓangaren da ɗalibi zai rera ko ya kaɗa a gaban mai jarrabawa.

Gaskiyar magana, makarantun da ke yin wannan darasi a babbar sakandare a jihohin Arewa maso Yamma kaɗan ne ƙwarai. An fi samunsa a makarantun mishan, na sojoji, wasu na tarayya da manyan makarantun kuɗi, musamman a Jos, Kaduna da Abuja, inda ƙungiyoyin mawaƙan coci suka riga suka koya wa yara do-re-mi tun suna ƙanana. A sauran wurare nazarin waƙa yana shigowa ne ta darasin Hausa, inda ake karanta waƙoƙin baka, makaɗan fada da na jama'a, da karin rubutacciyar waƙa.

Ba na son ɗana ya zama maroƙi. Ina dalilin barinsa ya karanta kiɗa?

Tsoron iri biyu ne, gara a raba su. Na farko na al'ada ne: a tsarin Hausa na da, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma ana ajiye makaɗi a ƙasa duk da ba a biki ko hawan salla sai da shi. Wannan kallon ya sassauta. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, kuma jami'o'in Kano, Sakkwato da Zariya sun daɗe suna rubuta kundaye a kan makaɗan Hausa. Mai ilimin kiɗa a yau yana iya zama malami, mai haɗa sauti a sutudiyo, mai shirya tallan rediyo, ko ɗan badujalar soja ko ta 'yan sanda.

Na biyu na addini ne, kuma ba a share shi da labarin digiri. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a wurin biki, yayin da Ibn Hazm ya halatta, Imam Gazali kuma ya sassauta da sharuɗɗa. Waƙa mai tsafta ba tare da kayan kiɗa ba kuwa, da ita Nana Asma'u ta karantar da mata, kuma da ita ake haddace darasi a Islamiyya har gobe. A babbar sakandare kiɗa zaɓi ne, ba wanda zai tilasta. A ƙaramar sakandare yana cikin CCA, amma kusan duk na rubutu ne. Uban da ke da damuwa ya je ya ga malamin da kansa, ya fi ya ce wa yaro ya riƙa fita daga aji, don makin zane da sana'a ma zai tafi tare.

Mene ne amfanin TD ga wanda ba injiniya zai zama ba?

Idan za a ce in zaɓi darasi ɗaya daga cikin duka, shi zan zaɓa, kuma shi ne mafi arha: allon zane, rula mai kai, rulolin kusurwa biyu, ta digiri 45 da ta digiri 30 da 60, kamfas da fensir mai tauri. Ba ya buƙatar wuta ko inji. Abin da yake koyarwa shi ne a zana abu yadda wani da bai taɓa ganinsa ba zai ƙera shi daidai: yadda yake ta gaba, ta gefe da ta sama, kowane layi da ma'auninsa.

A je Panteka ta Kaduna ko wurin masu walda a kowane gari a ga bambancin. Mai aiki ya zo ya ce, “Oga, irin ƙofar gidan Alhaji wane nake so.” Sai a tafi a kalla a dawo a yi da ido. Hannun yana da kyau, amma ranar da ɗan kwangila ya kawo takarda mai zanen tagogi arba'in da ma'auninsu a milimita, wanda ya iya karanta ta shi ke karɓar aikin, gwanin kuma ya zama ɗan ƙwadagonsa. Birkila, kafinta, mai aluminiyam, mai sa waya a gida, mai POP, duk takarda ce ke raba su da babban aiki. Zanen kwamfuta irin AutoCAD ma wannan ilimin ne aka mayar kan allo. Sai dai a lura da matsayinsa a JAMB, an yi bayani a amsar shiga jami'a.

Darasin sana'a da aka wajabta fa, daban yake da waɗannan?

Daban yake. Manhajar babbar sakandare da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta fitar aka fara a 2011 ta kawo sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, kuma an fara rubuta su a WAEC a 2014. A cikinsu akwai walda, kafinta, ɗinki, rini, aikin fata, ɗaukar hoto, gyaran waya da kiwon kifi. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: makarantu suka ruga ga waɗanda ba sa buƙatar kayan aiki, irin su tallace-tallace da sarrafa bayanai, aka cika sharaɗi a takarda.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage su zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Tunda ana cikin sauyi, kafin yaro ya tsayar da darussansa a aji ɗaya a nemi makaranta ta nuna jerin da hukumar jarrabawa ta amince da shi na shekarar da zai rubuta.

Mene ne bambancin wannan da kwalejin fasaha?

A sakandare ta yau da kullum aikin hannu darasi ɗaya ne ko biyu cikin tara. A kwalejin fasaha shi ne ginshiƙi: yaro ya shiga bayan aji uku, ya zaɓi sana'a guda kamar sa wayar lantarki, gyaran mota, walda, gini, famfo ko firiji, ya yi shekara uku a kanta tare da Turanci, lissafi da kimiyya. Jarrabawarsu ta hukumar NABTEB ce, wadda aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin, kuma takardar da ake samu ita ce NTC, wato takardar shaidar fasaha ta ƙasa. Ana karɓar ta wajen neman shiga kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'i idan darussan da ake buƙata sun cika, don haka ba rufe ƙofa ba ce kamar yadda ake tsoro.

Jihohi suna da nasu, kamar na Wudil, Bagauda da Ungogo a Kano, tarayya ma tana da nata da ake shiga ta jarrabawar NABTEB. Suna kawai ba ya wadatarwa: akwai kwalejin fasahar da injinanta suka girmi malamanta. A duba amsar ƙarshe kafin a yanke shawara.

Ba gara in kai shi shago ko gareji kawai ba?

Kowanne yana da abin da ɗayan ba shi da shi. A shago yaro yana taɓa aiki na gaske kullum, yana ganin yadda ake ciniki da yadda ake lallashin mai kaya idan aiki ya ɓaci. Amma zai iya shekara biyu yana miƙa sufana da sayo wa oga abinci, kuma abin da ogan ya sani kawai zai sani, har da kurakuransa. Zai san cewa in an yi kaza mota na tashi, ba zai san dalili ba, ranar da aka kawo mota mai kwamfuta sai a tsaya. Makaranta tana ba da dalilin da lissafin da takardar shaida, tana gaza ba da aikin.

Haɗawa ita ce mafita, kuma gidaje da yawa sun daɗe suna yi: boko da safe, shago da yamma ko Asabar da dogon hutu. A zaɓi ogan da aka san halinsa, a yi magana a fili kan lokacin Islamiyya da lokacin jarrabawa. Wanda ya riga ya ƙware a shago ba tare da takarda ba yana iya yin gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, mai mataki uku, ko ya bi tsarin tantance ƙwarewa na hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna.

Zai iya sauyawa ya ɗauki zane ko TD a aji na ƙarshe?

Yana da wuya, kuma ba shawara ba ce mai kyau. Makaranta tana tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen ɗalibi na shekarun babbar sakandare, darasin da bai yi ba kuwa ba shi da maki. Hannu ma ba ya koyon aikin shekara uku a wata huɗu. Idan yaro yana shakka, ya ɗauki darasin tun aji ɗaya, ajiyewa ta fi ɗauka sauƙi. A tuna darussa takwas zuwa tara kawai ake rubutawa, don haka duk wanda ya shigo wani ne ya fita.

Suna taimakawa wajen shiga jami'a? Me ake karantawa da su?

Zane da kiɗa suna cikin darussan da ake rubutawa a JAMB. TD, aikin katako da aikin ƙarfe ba sa ciki, amfaninsu a takardar WAEC, NECO ko NABTEB yake. Nan ne ɗalibai ke faɗawa rami: mai son injiniya dole ya riƙe lissafi, fiziks da kemistiri, TD ƙari ne a kansu, ba ya maye gurbin ko ɗaya. Mai son karatun tsara gine-gine ma lissafi da fiziks ne gaba, zane ko TD su ƙarfafa shi. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi a littafin JAMB, a karanta shi tun yaro yana aji ɗaya.

Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane-zane da kuma sashen ƙirar kayan masana'antu, inda ake karanta yadi, tangaran, gilashi da zanen talla. Jami'ar Najeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar nan a 1961. Mai son koyarwa yana da kwalejojin ilimi na fasaha na tarayya a Bichi, Gombe, Potiskum da Gusau, kuma da ƙarancin malaman da aka ambata a sama, fili ne da ba cunkoso.

'Ya mace fa, akwai abin da ya dace da ita a nan?

Duka. Yarinyar da ke zana lalle ba tare da ta goge ba ta riga ta mallaki tsayayyen hannun da malamin zane ke shekara yana nema a wurin wasu. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, maginiyar tukwane ce daga Kwali, ta shiga cibiyar Michael Cardew da ke Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kwalejin ilimin fasaha ta Gusau ta mata ce zalla. Akwai ma buƙatar da maza ba za su iya biya ba: mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu da hotunansu ga namiji mai gyara, kuma gidan da ba a shiga zai fi son mace ta duba masa sola ko waya.

Akwai haɗari? Kuma nawa kayan za su ci?

Akwai, kuma kusan duk na ganganci ne. Ba a kallon wutar walda da ido tsirara ko da daga nesa, zafin sai dare yake tashi. Ba a zuwa kusa da inji mai juyawa da riga mai faɗin hannu ko hijabi a sake, a ɗaure shi a cusa cikin rigar aiki. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Fenti da sinadarin rini a buɗaɗɗen wuri. Ɗakin aikin da babu malami a ciki a rufe yake, ko da ƙofarsa a buɗe take.

Kuɗi kuwa ya danganta da darasin. Zane da TD sayen farko ne mai ɗan nauyi, sannan takarda da fensir, kuma allon TD kafinta na unguwa zai yi shi da filawud idan an nuna masa gefen da dole ya miƙe. Katako da ƙarfe su ne masu ci kullum. Idan makaranta ta karɓi kuɗin aikin hannu, iyaye suna da haƙƙin ganin abin da yaro ya ƙera a ƙarshen zango.

Yaya zan gane makarantar da ke koyar da su da gaske?

A je ranar karatu, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba, a ce a nuna ɗakin aikin. Ɗakin da ake amfani da shi ba ya da tsafta sosai: akwai garin katako a ƙasa, tebur ya sha fenti, haƙoran zarto suna ƙyalli. Wanda aka share tas, injina lulluɓe da leda, na nuna wa baƙi ne. A tambayi malamin abin da ya karanta, a nemi ganin aikin ɗaliban bara, a duba jadawali ko an ba darasin lokaci biyu a jere, don minti arba'in yana ƙarewa ne wajen fito da kaya da mayarwa. A tambaya kuma ɗalibai nawa aka yi wa rajistar darasin a WAEC ko NECO bara, don akwai makarantar da ke rubuta shi a takardar talla amma ba ta taɓa shigar da kowa jarrabawarsa ba.

Idan makarantar da yaro yake ba ta da komai kuma ba halin sauyawa, ƙungiyar iyaye da malamai tana iya ɗaukar kafinta, mai rini ko mai sola na gari ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako da kayan aikinsa, malamin aji ya riƙe ɓangaren rubutu. Ana buƙatar amincewar shugaban makaranta a rubuce, da malamin da zai tsaya a wurin duk lokacin da baƙon ke tare da yara.